Ƙungiyoyin Asiri A Jami'o'i: Wace Irin 'Yan'uwantaka Ce Wannan?

Ranar Alhamis 2 ga Fabrairun 2017, da misalin ƙarfe 11 na dare, wani yaro ɗan shekara 19 mai suna Timothy Piazza ya gangaro daga saman matakala ya faɗa ɗakin ƙasa na wani gida a Jami'ar Jihar Pennsylvania da ke Amurka. Gidan na wata ƙungiyar ɗalibai ne mai suna Beta Theta Pi, kuma a daren ne ake bikin karɓarsa a matsayin sabon "ɗan'uwa". Kafin ya faɗi, an ɗura masa giya sau 18 a cikin minti 82, domin wai wannan ita ce jarrabawar shiga. Sai "'yan'uwan" nasa suka kinkimo shi suka yar a kan kujera, suna watsa masa ruwa suna marinsa wai ya farka. Wani yaro daga cikinsu ya ce a kai shi asibiti, aka hankaɗa shi jikin bango aka ce ya rufe wa mutane baki. Haka Timothy ya kwana yana miƙewa yana faɗuwa yana buga kai, ƙoƙon kansa a fashe, saifarsa a fashe, jini na zuba a cikinsa. Da gari ya waye suka same shi a sanƙare, amma sai da suka ƙara fiye da minti 40 suna shawara, suna goge masa fuska suna ƙoƙarin sa masa riga, kafin wani ya kira motar asibiti. Kusan awa 12 ke nan da faɗuwarsa ta farko. Ranar 4 ga wata ya cika.

Ba labarin ƙanzon kurege ba ne, domin na'urorin ɗaukar hoto na gidan sun naɗi kusan komai, har da ɓangaren da aka goge, wanda daga baya hukumar bincike ta FBI ta dawo da shi. To, abin tambaya a nan shi ne, me ya hana samari majiya ƙarfi, 'yan jami'a, kowa da waya a aljihu, danna lamba uku kacal? Ba jahilci ba ne, ba kuma rashin asibiti ba. Tsoro suke kada asirin gida ya tonu, domin a takarda gidan nan an haramta giya a cikinsa, kuma in hukuma ta shigo to ƙungiya ta shiga uku. Wato an ɗora ran ɗan'uwa a sikeli ɗaya, an ɗora sunan ƙungiya a ɗayan, sai sunan ƙungiya ya rinjaya. Duk wanda ke son ya san ko irin waɗannan ƙungiyoyi sun cancanci zama a jami'a, to ya tsaya a kan awa 12 ɗin nan, domin a nan amsar take.

Ga wanda bai san su ba, ƙungiyoyi ne na ɗalibai, na maza daban na mata daban, waɗanda sunansu na Turanci ya samo asali daga kalmomin Latin masu ma'anar ɗan'uwa da 'yar'uwa. Kowace tana sa wa kanta suna da haruffan Girka biyu ko uku, tana da kalmar sirri, da salon musabaha na sirri, da rantsuwar da ake yi a ɗaki a rufe. Ta farko, Phi Beta Kappa, an kafa ta a 1776 a Kwalejin William da Mary, amma irin waɗanda ake gani yau sun soma ne daga 1825 a Kwalejin Union ta jihar New York. Suna da ɗaruruwan dubban mambobi a jami'o'i, da manyan gidaje a ciki ko a bakin makaranta. Ba a cike takarda a shiga. Su ne suke zaɓen wanda suke so, sannan ya yi makonni yana bauta, yana shan gwale-gwale da wulaƙanci, kafin a ce ya zama ɗan gida.

Masu kare su suna cewa wai abin da ya faru a Pennsylvania tsautsayi ne, wake ɗaya ne ya ɓata gari. To wane irin wake ne wannan da ba ya ƙarewa? A watan Satumba na wannan shekarar ta 2017, a Jami'ar Jihar Louisiana, aka tsayar da Maxwell Gruver ɗan shekara 18 a jikin bango ana yi masa tambayoyi a kan tarihin ƙungiya, duk amsar da ya kuskure sai ya kurɓi barasa mai ƙarfin gaske. Abin haushi, wannan wasa sun sa masa suna "nazarin Baibul". Da aka auna jinin gawarsa, giyar da ke ciki ta ninka fiye da sau 6 abin da doka ta hana mutum tuƙa mota da shi. A watan Nuwamba wani ya mutu a Florida, wani a Texas. A 2021 wani ya mutu a Virginia, wani a Ohio, wani kuma a Missouri bai mutu ba amma ya makance, ba ya magana ba ya tafiya, iyayensa ke juya shi. Wani malamin aikin jarida mai suna Hank Nuwer, wanda ya ƙarar da shekarunsa yana tattara sunayen waɗanda gwale-gwalen shiga ƙungiya ya kashe, ya nuna cewa daga 1959 zuwa 2019 babu shekara guda da ta wuce ba a ɗauki gawa ba a Amurka. Shekara 61 a jere! Abin da ke dawowa duk shekara kamar damina ba sunansa tsautsayi ba, sunansa al'ada.

Kuma al'adar ba a banza aka ƙirƙiro ta ba. Wanda aka wulaƙanta, aka tuɓe shi, aka sa shi ya aikata abin kunya a gaban jama'a, ba zai iya fita ya ce abin da ya sha wa wahala banza ne ba, don haka sai ya ƙara ƙanƙame ƙungiyar. Baɗi kuma shi ne zai riƙe kwalba yana ɗura wa na baya, ya rama a kan wanda bai yi masa komai ba. Da haka kowa ya zama yana da laifi a wuyansa, kowa ya san asirin kowa, ba mai iya tona wani ba tare da ya tona kansa ba. Wannan shi ne ainihin igiyar da ta ɗaure su, ba ƙauna ba. Malamai sun daɗe da sanin sunan wannan cuta, wato asabiyya: ka tsaya wa naka ko da shi ne azzalumi, ka rufa masa asiri ko da gawa ce a kwance a tsakar gida.

Sai kuma a ce ai suna aikin alheri. Gaskiya ne, suna yi. A wannan jami'a ta Pennsylvania akwai gangamin tara kuɗi don yara masu ciwon daji wanda majalisar ƙungiyoyin nan ce ta fara shi a 1973, kuma yana tara miliyoyin daloli duk shekara. Amma wa ya ce sai an yi rantsuwar sirri kafin a taimaki mara lafiya? Wane ɓangare na tara sadaka ne yake buƙatar a ɗaure wa yaro ido a kai shi ɗakin ƙasa? Duk wani alherin da suke tinƙaho da shi, ƙungiyar da ƙofarta ke buɗe tana iya yin sa da rana tsaka. Abin da ba ya yiwuwa sai a ɓoye shi ne sharrin.

Na matan ba su cika kisa ba, amma nasu aikin shi ne tace jini. A 2013 jaridar ɗalibai ta Jami'ar Alabama ta fallasa yadda manyan ƙungiyoyin mata na fararen fata 16 suka ƙi karɓar wata ɗaliba baƙar fata mai sakamako na ƙin ƙarawa, jikar wani babban alƙali, kuma ya fito fili cewa a wasu gidajen 'yan matan sun so ta, tsofaffin mambobi ne masu riƙe da jakar kuɗi suka taka birki. Wannan fa shekara 50 cif bayan Gwamna George Wallace ya tsaya a ƙofar wannan jami'a a 1963 don hana baƙaƙe shiga. An buɗe ƙofar aji da ƙarfin soja, amma aka bar ta gidajen a garƙame. A 2015 kuma aka ga hoton bidiyo na 'yan ƙungiyar Sigma Alpha Epsilon na Jami'ar Oklahoma a cikin mota suna rera waƙa cewa baƙar fata ba zai taɓa zama ɗayansu ba, har da ambaton ratayewa a bishiya. Wanda launin fata bai tare shi ba, kuɗi zai tare shi, domin kuɗin zama mamba a manyan gidajen yana kaiwa dubban daloli a shekara.

A nan masu kare su sukan zaro wani makami, su ce ai baƙaƙen fata ma suna da nasu, kuma sun yi wa al'ummarsu aiki. Haka ne. An kafa Alpha Phi Alpha a 1906 a Jami'ar Cornell saboda an hana baƙaƙe shiga na Turawa, kuma Martin Luther King ɗanta ne. Kwame Nkrumah da Nnamdi Azikiwe duk sun shiga Phi Beta Sigma lokacin da suke karatu a can. Amma wannan ba hujja ba ce a gare su, hujja ce a kansu, domin wariyarsu ce ta tilasta wa wasu gina nasu ɗakin. Kuma da aka ari tukunyar, ba a bar ƙanzon ba: a 1994 an lakaɗa wa wani ɗalibi duka har lahira a wata jami'a a Missouri, a hannun 'yan'uwansa baƙaƙe, da sunan horon shiga.

To me ya hana hukumomin jami'o'i korarsu? Kuɗi da manya. Ƙungiyoyin suna ɗauke wa jami'a nauyin kwanan dubban ɗalibai, tsofaffin mambobinsu su ne manyan masu ba da gudummawa, su ne a majalisun gudanarwa, su ne a majalisar dokoki. A zaɓen shugaban ƙasa na 2004, George Bush da abokin hamayyarsa John Kerry duk 'yan wata ƙungiyar asiri ce guda ta Jami'ar Yale mai suna Skull and Bones, wato Ƙoƙon Kai da Ƙasusuwa, kuma da 'yan jarida suka tambaye su a kanta, kowannensu ya ce sirri ne. Talakan Amurka ya je ya jefa ƙuri'a yana ganin zaɓi yake yi tsakanin mutum biyu, ashe ɗaki ɗaya suka yi rantsuwa. A Alabama kuwa gamayyar ƙungiyoyin nan ta ɓoye, wadda ake kira "Inji", ta shafe gomman shekaru tana naɗa shugabannin ɗalibai, har ta kai a 1993 aka kai wa wata 'yar takara da ta ƙi bin layi hari a gidanta, jami'a ta rufe majalisar ɗalibai sai 1996.

Abin dariya, wanda ya fi kowa asara shi ne yaron da ya yarda da maganar 'yan'uwantakar. Wani bincike da mujallar Atlantic ta buga a 2014 ya nuna yadda uwar ƙungiya ke rubuta dokoki masu tsauri waɗanda ta san ba a bi, domin ranar da aka yi gawa ta ce yaran sun karya doka, inshorarta ba ta shafe su ba, kowa ya je iyayensa su nema masa lauya. Ranar biki ɗan'uwa, ranar kotu ba a san shi ba.

Mai karatu na iya cewa wannan rigimar Amurkawa ce, ina ruwan ɗalibin Zariya ko Kano ko Maiduguri? Ruwansa shi ne Nijeriya ta riga ta gwada irin wannan shuka, ta kuma ga abin da take haifarwa in ta sami ƙasar da ba doka. A 1952 ɗalibai bakwai a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa ƙungiyar Pyrates. Ba reshen na Amurka ba ce, kuma a yi musu adalci, manufar da suka bayyana ba ta kisa ba ce: sun ce suna yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'yan boko masu kwaikwayon Bature. Amma ƙirar ɗaya ce, wato zaɓen mambobi, da laƙabi na musamman, da bikin shiga, da mu-daban-saura-daban. A 1972 wasu suka ɓalle suka kafa Buccaneers. Ga Eiye ita ma daga Ibadan. A 1977 aka kafa wata a Jami'ar Benin da sunan 'yantar da baƙar fata, wadda daga gare ta sunan Black Axe, Baƙin Gatari, ya fito. A shekarun 1980 Vikings ta ɓulla a Fatakwal. Mata ma suka kafa nasu, irin su Black Bra da 'Ya'yan Jezebel. Da abin ya ƙazanta, ita kanta Pyrates ta sanar a 1984 cewa ta janye daga jami'o'i. Wato uwar da ta haifi tsarin ta riga kowa yanke hukuncin cewa makaranta ba wurinsa ba ne, saura kuma suka ci gaba da gatari da bindiga.

Wanda ya manta, to a tuna masa da Ife. Da asubahin Asabar 10 ga Yulin 1999, wasu mutane rufe da fuskoki, ɗauke da bindigogi da gatura, suka kutsa ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Obafemi Awolowo suka kashe ɗalibai biyar. Cikinsu akwai George Iwilade, wanda aka fi sani da Afrika, sakataren ƙungiyar ɗalibai, an same shi a kan gadonsa. Laifinsa shi ne 'yan watanni kafin nan ya jagoranci ɗalibai suka kama wasu 'yan ƙungiyar asiri da makamai suka miƙa wa 'yan sanda, ba a jima ba aka ga mutanen sun dawo makaranta suna yawo. Bayan kisan an yi ta hayaniya, gwamnatin Obasanjo ta ba shugabannin jami'o'i wa'adi su kawar da ƙungiyoyin, aka shirya tarukan tuba ana ɗaukar hoto, aka kafa kwamitin bincike na shari'a. Waɗanda aka gurfanar kotu ta sallame su. Iyayen yaran nan biyar ba su ga an hukunta kowa ba.

Kuma ba rashin doka ba ne. Tun 1989 gwamnatin soja ta yi doka a kansu. Tsarin mulkin 1999 ya ce 'yancin addini da tunani bai ba kowa damar shiga ƙungiyar asiri ba, ya kuma hana ɗan ƙungiyar asiri tsayawa takarar shugaban ƙasa ko gwamna ko majalisa. Jihar Ribas ta yi tata dokar a 2004, Legas ta yi a 2021 mai ɗaurin shekara 21. Amma ta yaya kura za ta yi gadin akuya? Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta rubuta a 2007 yadda 'yan siyasa a Ribas suka ba ƙungiyoyin nan kuɗi da makamai don murɗe zaɓen 2003, bayan zaɓe kuma makaman ba su dawo ba, har Fatakwal ta zama fagen daga a watan Agustan 2007. Mutumin Gombe da ya ga Kalare, ko na Bauchi da ya ga Sara-Suka, ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan ciniki ba. Daga baya abin ya tsallaka teku: a 2016 'yan sandan Italiya suka kama 'yan Baƙin Gatari a Palermo da tuhuma irin wadda ake yi wa Mafiya, daga 2022 kuma 'yan sandan duniya suka shiga farautarsu a ƙasashe da dama kan damfara ta intanet.

Babu mai cewa gidan Beta Theta Pi da Baƙin Gatari laifinsu ɗaya. Amma ka'idar da ta hana yaran Pennsylvania kiran asibiti ita ce ta hana shaidu magana a Ife, kuma manyan da ke tsaya wa waɗancan da lauyoyi da gudummawa, irinsu ne ke tsaya wa waɗannan da beli da bindiga. Bambancin kawai shi ne can akwai na'urar ɗaukar hoto da mai gabatar da ƙara.

Hujjar ƙarshe da ta rage musu ita ce wai in an hana su za su koma ƙarƙashin ƙasa, gara a bar su a fili ana sa musu ido. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin Kwalejin Amherst da ta kore su a 1984 sai da ta sake yin doka a 2014 a kan waɗanda suka koma bayan gari, Harvard kuma ta sa musu takunkumi a 2016 amma ta janye a 2020 bayan an maka ta kotu. Sai dai wane sa ido ake magana? Gidan da Timothy ya faɗi yana da rajista, yana da dokar hana giya, yana da babban mutum mai kula da shi yana kwana a ciki. Kuma akwai bambanci tsakanin ɓarawon da ke laɓe da wanda aka ba ofis da tambari. Jami'ar da ta ba su sunanta da filinta da damar farautar sababbin ɗalibai a makon farko, tana gaya wa uba da uwa ne cewa wurin nan amintacce ne. Kwalejin Williams ta yanke shawarar raba gari da su tun 1962, Colby a 1984, Bowdoin a 1997, Swarthmore a 2019 bayan ɗalibai sun mamaye gidan ɗaya daga cikinsu. Sun gina wa ɗalibai gidajen kwana da kowa ke iya shiga, kuma ba wadda ta rushe, ba wadda ta rasa masu neman gurbi.

Sauran jami'o'in sun zaɓi hanyar lallashi. Aka yi doka da sunan Timothy a Pennsylvania a 2018, aka yi da sunan Maxwell a Louisiana a wannan shekarar. Shugaban gidan da Timothy ya faɗi da mataimakinsa, bayan shekara bakwai ana jan shari'a, an yanke musu ɗaurin wata biyu zuwa huɗu a 2024. A watan Disamba na 2024 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i bayyana duk wani gwale-gwale da aka kama. Wata biyu bayan haka, a Fabrairun 2025, a garin Baton Rouge na jihar Louisiana ɗin nan mai dokar Maxwell, aka kawo wani ɗalibin injiniya ɗan shekara 20 asibiti ba ya numfashi. 'Yan sanda suka ce a wani ɗakin ajiye kaya aka jera su ana naushinsu a ƙirji da safar dambe har ya faɗi, kuma ba wanda ya kira motar asibiti. Waɗanda suka kawo shi sun shaida wa likitoci cewa ƙwallon kwando yake bugawa ya yanke jiki, sannan suka fice kafin 'yan sanda su iso.